Talabijin ɗin da Na Rataya

Litinin, bayan azahar

Tasi'u yana hannun 'yan sanda. Na rubuta ne don in gani da idona, ko zan yarda.

Ɗan Yaya Ubale ne, amma a hannuna aka yaye shi, a bayana ya girma, a ɗakin nan ya yi kaciya ya warke. Allah bai ba ni nawa ba, kuma tun da aka miƙo mini shi ban sake jin na rasa ba. Yanzu ga tabarmarsa a naɗe, ga komarsa ta kamun kifi a rataye ba ta gama bushewa ba.

Zayyad, ɗan Alhaji Bature, an wuce da shi asibiti Kano. An ce yana numfashi.

Ba zan rubuta abin da ya faru a ɗakin amarya Muhsina, ƙanwar Tasi'u, ba. Ban gani ba. Waɗanda suka gani kuwa sun yi yawa, don yau kowa a garin nan yana tsaye a wajen, har da waɗanda na san suna Kwanar Ɗangora suna cin kasuwa a lokacin.

Talata, da hantsi

Mata sai shigowa suke jaje. Baki yana cewa Allah ya kiyaye gaba, ido yana zagaya ɗakina. Na shimfiɗa musu tabarma, na ba su ruwa, ban ba su labari ba. Suka sha ruwan suka tafi da ƙishirwarsu.

Laraba, bayan la'asar

Ni ce mai jere a garin nan, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. In za a kai amarya, ni ake ba wa makullin ɗaki da kayan yarinya, a rufo mini ƙofa. Ni nake sanin inda gado zai fuskanta, da kwanon da zai hau kan wane. Ni nake sanin wace uwa ce ta aro kuloli daga maƙwabta don su kwana biyu a kabet, 'yan ganin ɗaki su gani su tafi, a mayar wa mai su. Shekara da shekaru ina wannan aiki, ko cokali bai taɓa ɓata a hannuna ba, maganar kowa kuma ba ta taɓa fita daga bakina ba.

Innarmu takan ce a tsohon garinmu, wanda ruwan dam ɗin Tiga ya ci, da ƙore ake jere. Daga baya aka koma tasa, aka koma langa da samira. Ni na tarar da kabet. Yanzu kuwa yarinya za ta miƙo mini waya ta ce, "Gwaggo Badiyya, irin wannan ɗakin nake so." In duba in ga ɗakin wata 'yar fim, da kujeru kamar na jirgi, da labule har ƙasa, da talabijin ya cinye rabin bango. Ubanta kuwa masara yake nomawa.

Garin nan ba wuta. Turakun suna nan tsaye tun ina da sauran ƙuruciya, shirwa ce kawai take amfana da su. Amma ɗakin amarya in ba talabijin a bango, mata za su fito suna taɓe baki, kafin magariba labari ya kai Badafi. To me uwa za ta yi? Akwai wani mai gyara a garin Ƙofa da yake tara matattun talabijin, waɗanda ya cire musu kayan ciki. Sai a karɓo ɗaya, in goge shi da man gyaɗa kaɗan, in manna masa sabuwar leda a fuska, in rataya, in ɗora rimot a kan teburi. Ba mai kunnawa, don ba abin kunnawa. Kowa ya gani ya ce masha Allah, asirin uwa ya rufu.

Na Muhsina ma irinsa ne. Ni na rataya shi da hannuna, ya kuma yi kyau.

Alhamis, da safe

Ban ci komai ba jiya. Yau na ci, don kada wani ya ce na rame.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Muhsina ta zo a lulluɓe, amaryar da lallenta bai ko dushe ba. Ƙanwar Tasi'u ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ta faɗa jikina tana kuka, na bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ba ni labarin ba tare da na tambaya ba.

Ta ce washegarin kai ta ne, da la'asar, abokan angonta Sadisu suka zo da janareta a kan babur wai za su saka fim. Suka jona, shiru. Suka canza waya, shiru. Sai Zayyad ya hau kujera ya sauko da shi, ya ji shi sakayau a hannu, ya girgiza. Ya ba wani waya ya ce ya ɗauka, ya ɗora talabijin ɗin a ka kamar mai talla yana zagaya tsakar gida.

"Gwaggo, cewa ya yi wannan ai faranti ne, a kawo tuwo a zuba. Suka yi ta dariya. Sai ya ce, 'Ku 'yan dam, har talabijin ɗinku ma ruwa ya ci.' Yaya Tasi'u kuma ya shigo ke nan da buhun gara a kafaɗa."

Na ce ya isa, kada ta ƙarasa. Ta ƙarasa. Ba zan rubuta abin da ya ɗauka ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne abin da ya faɗa kafin nan. Ta ce ya ajiye buhun ya ce, "Ƙarya kake, sabo ne dal, ni na saya."

Bai sani ba. Ni kuma ban san bai sani ba.

Asabar, da hantsi

Na shiga gidan Yaya Ubale ban yi sallama ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na same shi yana gyaran igiyar akuya, igiyar da ba abin da ya same ta.

Na ce, "Yaya, me Tasi'u ya ba ka?"

Ya ce tumatirinsa na rani. Duk abin da yaron ya samu a fadama bana, da ya kwashe ya kai kasuwa, ya zo ya zube masa a gaba ya ce a saya wa Muhsina talabijin na gaske, ko ba wuta yanzu wata rana Sadisu zai saka sola, ba zai yarda a yi wa ƙanwarsa dariya ba.

Na ce, "To ina talabijin ɗin?"

Ya ce, "Badiyya, kujeru. Uwar ango ta aiko wai ɗakin babba ne, kujera biyu ba za su cika shi ba. Ga katifa, ga labule. Ni ban ci ko sisi ba, wallahi duk yana cikin ɗakin nan."

Na san bai ci ba. Ni na jera kujerun, na san nauyinsu. Amma ya zo mini da matacce a cikin sabon kwali ya ce in rataya, bai ce mini gumin yaron ne aka juya ba. Da na sani da na kira Tasi'u na zaunar da shi. Na faɗa masa haka, na faɗa masa wasu maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta. Bai ɗago ba. A ƙarshe ya ce, "Don Allah kada ya ji." Na fito na bar shi da igiyarsa.

Lahadi, da yamma

An ce Zayyad ya buɗe ido. Ɗaya.

Talata, bayan azahar

An kafa kwamiti. Garin nan in abu ya fi ƙarfinsa sai ya kafa kwamiti. Malam Ɗahiru ne shugaba, tsohon malamin firamare, wanda ya koya wa rabin garin nan karatu da tsumagiya. Sun zauna a zauren Mai Unguwa sun gano tushen fitina: talabijin. Wai shi yake koya wa yara duka da sara, suna kallon ana fasa kai a fim sai su zo su gwada. Sun yanke a fito da duk talabijin da ke garin ranar Asabar a farfasa a filin makaranta.

Na yi dariya har maƙwabciyata Hajara ta leƙo ta katanga ta ga ko lafiya.

Talabijin ɗin da ya jawo wannan abu bai taɓa nuna ko ƙuda ba. Tasi'u kuwa yaushe ya zauna kallo? In ba ya fadama yana kan ruwa. Gidan kallon ƙwallo ma sau nawa ya shiga? In suna neman inda ya ga ana duka, ba sai sun je Indiya ba. Ya gani a ajin Malam Ɗahiru. Ya gani a tsakar gidan ubansa, ranar da ya ɓatar da ƙugiyoyi Yaya ya ɗaure shi a turken akuya, sai da na haura katanga da zanina na kwance shi. Tun daga ranar yaron nan ba ya kuka, sai dai ya yi shiru jijiyar wuyansa ta tashi.

Ba ina wanke talabijin ba ne. Na san abin da yake yi, ni nake ganinsa a idon 'yan mata. Bai koya musu duka ba, ya koya musu raina ɗakin uwarsu. Ya nuna musu kaya, ya nuna musu kaya, har mutum ya ji in ba shi da su shi ba mutum ba ne. Daga nan sai dariya ta zama wuƙa. Amma wannan ba a farfasa shi a filin makaranta, don a bakin matan 'yan kwamitin yake, su ne 'yan ganin ɗaki.

Laraba, da safe

Tasi'u ya yi laifi. Na rubuta, kada wani ya ce son kai ya rufe mini ido. Ya yi laifi babba. Ɗana ne duk da haka.

Alhamis, bayan la'asar

Na dafa dambu na ba Yaya ya kai masa. Ya dawo da kwanon wanke tas. Na tambaye shi ya yake, ya ce lafiya. Na ce me ya ce? Ya ce bai ce komai ba. Ƙarya yake, na san tafiyar Yaya in ya ɗauko magana.

Asabar, da yamma

Yau aka yi bikin farfasawa, kuma biki ne. Ban taɓa ganin garin nan ya bi doka da sauri haka ba. Tun hantsi yara suke fitowa da talabijin a ka, mata suna leƙe ta zaure suna murmushi. Na tsaya daga gindin darbejiya ina kallo, ina gane su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan da na yi wa wanka suna jarirai. Wancan mai tsaga a kusurwa na san bangon da ya fito. Wancan na sha wuya kafin ledarsa ta kama. Duk nawa ne. An samu hanyar rabuwa da su cikin mutunci kafin wani ya zo da janareta, har da samun lada.

Masu rai kuwa, na gidajen da ke da sola, ko ɗaya ban gani ba. Suna can ƙarƙashin gado an lulluɓe su da bargo sai ƙura ta lafa.

Malam Ɗahiru ya yi jawabi a kan zaman lafiya, sannan ya ba samari taɓare da gatari. Sai ga yara sun rufa musu da ihu, suna duka, suna tsalle a kai, wani ya yanke ƙafa bai ma sani ba. Wani ƙaramin yaro ya samu ɗaya shi kaɗai yana ta sara yana cije baki. Na dubi fuskarsa na kau da kai. Dattawa suna tafi, wai an kashe tushen tashin hankali.

Ba wanda ya ce uffan da ya ga cikinsu fayau ba komai. Kowa ya duba sama.

Lahadi, bayan azahar

Malam Ɗahiru ya zo da kansa, Yaya yana biye da shi. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na zauna daga bakin ƙofa.

Ya fara da yabona, sai na san akwai magana. Ya ce Zayyad ya tsallake, alhamdu lillahi, kuma Alhaji Bature ya yarda a yi sulhu ya janye ƙara, amma da sharaɗi. Alhaji ya ce ɗansa gaskiya ya faɗa aka ce masa maƙaryaci aka illata shi. In gidan Ubale ne suka shirya yaudarar surukai da gangan, to ba sulhu, kotu ce za ta raba, kuma iyayen Sadisu sun ce Muhsina ta tattara. Amma in ya zamana gidan Ubale ma cutarsu aka yi, sun sayi sabo wani ya musanya, to yaron fushin wanda aka zalunta ya yi, kowa ya fita da mutuncinsa.

Na ce, "Wa ya musanya, Malam?"

Ya ce, "To, ai ke kika kwana da makullin, Badiyya."

Na ce, "Malam, da bakinka? Kai da na yi wa 'ya'yanka mata jere?"

Ya yi tari. Ya ce ai kowa ya san ba haka ba ne, magana ce kawai ta fatar baki, a faɗa a zauren Mai Unguwa a wuce wajen. Har ya ƙara mini da rangwame: tun da an hana talabijin a garin, ba za a ce in mayar ba.

Na ce in kowa ya san ba haka ba ne, to kowa ya tashi ya faɗi yadda yake. A tara garin, kowace uwa ta faɗi abin da na rataya mata. Ni ban da gona, ban da miji, ban da ɗa na cikina. Abin da nake da shi a duniya shi ne a ba ni makulli a juya baya. Shi kuke so in ɗauka in ba ku ku goge bakinku?

Yaya ya ce, "Badiyya, Tasi'u fa."

Na ce, "Yanzu ka san sunansa?"

Suka tashi. Ban raka su ba.

Litinin, da safe

Ba zan faɗa ba.

Talata, da safe

Ba zan faɗa ba. Su je su nemi wata.

Laraba, da yamma

An dawo da Zayyad. Na ga motar ta wuce, na ga farin bandeji ta taga. Na yafa mayafi na tafi gidan, don ni ba a haife ni da gudun ido ba. Uwarsa ta fito ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ba ta ce in shiga ba. Na gaishe ta, na ce Allah ya ba shi lafiya. Ta ce amin. Muka tsaya.

Daga ciki na ji muryarsa yana cewa, "Umma, wace ce? Matso ta nan ɓangaren, ba na ganinki ta can."

Yaro ne mai surutu, tun yana ƙarami bakinsa ya fi shi girma. Bai cancanci wannan ba. Na dawo gida na zauna ban cire mayafin ba har aka kira magariba.

Alhamis, da hantsi

Na yanke shawara. Ranar da za a zauna zan je, amma gaskiya zan faɗa. Zan ce matacce ne tun daga Ƙofa, Yaya ne ya kawo, ni na rataya, kuma haka ake yi a garin nan gida gida. Ba zan kama sunan kowace mace ba, amma duk mai kunne zai ji nasa. In Alhaji Bature yana son kotu a je kotun. Na gaji da garin da ake fasa fanko a yi kabbara.

Hajara ta ce, "Ke dai Badiyya ba kya tsoro." Na ce ina ji, ban dai ga amfaninsa ba.

Asabar, bayan la'asar

Na je na ga Tasi'u.

An fito da shi ya zauna a benci, wani ɗan sanda yana gefe yana danna waya. Ya rame, gemu ya fito masa. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar a gida. Na ba shi fura, ya sha rabi ya riƙe kwanon.

Na ce masa Zayyad ya rasa ido. Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na sani, Gwaggo. Kullum ina ganinsa." Na ji daɗin wannan, Allah ya sani, na ce a raina yarona yana nan.

Sai ya ɗago ya ce, "Amma ashe gaskiya ya faɗa. An ce fanko ne."

Na ce haka aka ce.

Ya ce, "Watanni ina cikin taɓo, Gwaggo. Sauro ya ci ni, injin ban ruwa ya ƙone ni a nan, kin gani. Ban ɗinka ko riga ba. Wani ya zauna a inuwa ya cinye, ya mai da ni mahaukaci na illata mutum a banza. Na ce wa Baba in na fito ya kai ni shagon da ya saya. Ya ce ya manta wajen. Zai tuna. Ko waye ya yi mini wannan, ko waye shi..."

Bai ƙarasa ba. Jijiyar wuyansa ta tashi. Kwanon da ke hannunsa na silba ne, da na karɓa sai da na ga bakinsa ya lotsa.

Ba shagon da Yaya zai kai shi. In na tashi a zaure na faɗi gaskiya, ko yau ya fito ko bayan shekaru, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da na ubansa. Ba zan rubuta abin da na gani a hanya ina dawowa ba. Ban gan shi da ido ba, amma har na sauka daga mota yana gabana.

Lahadi, da safe

Ni bai taɓa ɗaga mini ko murya ba. Ko sau ɗaya.

Lahadi, da yamma

Wai an ga alamar watan azumi zai kama cikin makon nan. Na jiƙa gero. Ban san na mutum nawa zan jiƙa ba, sai na jiƙa yadda na saba.

Talata, bayan azahar

Na faɗa.

Zauren ya cika: Mai Unguwa, Alhaji Bature, uban Sadisu, 'yan kwamiti, mata kuma sun cika soro na biyu suna kasa kunne. Na saka atamfata mai kyau, na saka kwalli. Malam Ɗahiru ya so ya yi mini shimfiɗa da cewa shaiɗan ne, na ce a'a Malam, bar shaiɗan ya huta, ni ce. Na ce sabo aka ba ni, ni na musanya. Ban sunkuyar da kai ba. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya ina faɗa, kuma duk wanda idona ya sauka a kansa sai ya sami abin dubawa a tabarma. Ɓarauniya tana tsaye, masu gaskiya sun kasa kallonta.

Alhaji Bature ya ce ya yafe don Allah. Aka shafa fatiha. Yaya yana kusurwa, bai shafa ba.

Da na fito matan suka dare mini hanya. A cikinsu akwai waɗanda suka yi kuka a kafaɗata a ɗakunan 'ya'yansu, suna cewa Badiyya rufa mini asiri. Wata har ta janye jakarta da na zo wucewa. Na tsaya na ce mata, "Riƙe da kyau." Ba don su na yi ba, ba don Alhaji ba, ba don kwamiti ba. Kada wanda ya kuskura ya zo ya yi mini godiya.

Laraba, da hantsi

Akwai biki bayan salla a gidan su Hajara, 'yar ƙanwarta. An aiko an karɓi makullin da aka ba ni, wai za a sake fenti.

Alhamis, gab da shan ruwa

An kama azumi, kuma an sako Tasi'u.

Na dama kunun tsamiya, na soya ƙosai, na share ɗakinsa na shimfiɗa tabarmar. Na ji tsayuwar babur, na ji muryoyi a gidan Yaya, na ji Muhsina tana kuka tana dariya. Na zauna ina jira. Rana ta yi ƙasa sosai sannan ya yi sallama.

Bai shigo ba. Ya tsaya a bakin zaure, Yaya yana bayansa kaɗan. An riga an faɗa masa, a fuskarsa na gani. Bai durƙusa ba.

Ya ce, "Gwaggo, an ce ke ce."

Na ce, "An faɗa maka daidai."

Ya ce, "Ni ban yarda ba. Na ce sai na ji daga bakinki. Ki ce mini ƙarya suke, wallahi ko duk garin nan ne zan tsaya a gabanki."

Na dubi Yaya ta saman kafaɗarsa. Bakinsa ya buɗe. Na ga maganar ta taso masa har wuya, na kuma ga hannun Tasi'u a jikin ƙyauren, yadda ya damƙe shi. Tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba. Ban jira in ga ko Yaya zai iya ba.

Na ce, "Ni ce. Na sayar, na ci. Sai me?"

Jijiyar ta tashi. Na miƙe tsaye na matso kusa da shi, yadda in zai yi wani abu ba sai ya miƙa hannu da nisa ba. Muka tsaya a haka. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa, yaron da rabona da ganin hawayensa tun ranar turken akuya. Ya saki ƙyauren. Ya wuce ni ya shiga ɗakinsa, ya naɗe tabarmar, ya sauke komarsa, ya fito. A bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Da kin tambaye ni, da na ba ki."

Aka kira salla. Na sha ruwa ni kaɗai, na ci ƙosan har na ƙoshi, sauran na bar shi ya huce a kwano.

Juma'a, bayan asuba

Ta katanga na ji su suna sahur, shi da ubansa. Yaya ya yi tari, na ji Tasi'u ya ce, "Sannu Baba, ga ruwa."

Su biyun suna da rai, ba wanda ya taɓa wani. Ba kwamiti ne ya yi wannan ba, ba Mai Unguwa ba, ba masu taɓare ba. Ni na yi, kuma ban yi sata ba.